Kwalin da Ya Kama Mini Makullai

A wurinmu ba a buɗe saƙo. Wanda bai taɓa zaman ƙasar waje ba zai ɗauka ƙaramar magana ce, amma mu da muke Guangzhou ta ƙasar China a kanta muke rayuwa. Mutum zai tare ka a bakin masallaci ya miƙo maka ƙunshi, ya ce na tsohuwarsa ne a Katsina, ka karɓa ka cusa a jaka, ba ka tambayi mene ne ba, ko girgiza shi ba za ka yi ba. In ka tambaya, ka nuna kana zarginsa. In kuwa ka buɗe, to ka gama zaginsa, shi da wanda ya haife shi. Haka na taso na gani a Kano, haka na tarar a nan, kuma ni kaina na ci moriyar abin fiye da yadda zan iya faɗa.

Sana'ata kago ce. Muna da sito a unguwar Baiyun, ba nisa da filin jirgi, inda 'yan kasuwa ke kawo abin da suka saya, kayan sawa daga kasuwar Shahe, kayan waya, kayan sola, mu auna, mu haɗa, mu ɗora a jirgi zuwa Najeriya. Na ce muna da sito, amma gaskiyar magana kamfanin da lasisinsa na wata 'yar China ne, muna ce mata Laoban, wato mai gida a yarensu. Ita ke da lasisi, ni ke da mutane. Kayan kowa da sunan kamfaninta yake fita, saboda haka in kwali ɗaya ya samu matsala a hannun kwastam, kayan kowa ya tsaya, kuma wuyanta za a fara kamawa kafin a juyo kaina. Mace ce 'yar guntuwa mai faɗan tsiya, ni ma kuma ba kanwar lasa ba ce, shi ya sa muka daɗe tare. Mukan yi cacar baki da safe, da rana mu ci abinci a tebur ɗaya.

Lokacin da hukumar ƙasar nan ta fara ɗaure fitar da wasu ma'adinai, a waya na gani na wuce. Na ce rigimar manyan ƙasashe ce, ina ruwan mai auna kwalin atamfa da ita? Ashe har cikin sitonmu za ta biyo ni. Ma'adinan nan da su ake yin wani irin maganaɗisu mai ƙarfin gaske, kuma sai a lokacin na san rabin abin da muke ɗorawa akwai maganaɗisu a cikinsa. Sifika akwai shi, babur mai caji akwai shi, fankar sola da injin ban ruwa duk akwai shi. Kayan da aka riga aka haɗa ba su dokar ta fi nufa ba, amma kwastam suka shiga tsare kaya suna tambaya, a ce sai an kai gwaji. Shi kuwa maganaɗisun tsurarsa, in irin wanda dokar ta shafa ne, ba ya fita sai da izini na musamman, kuma izinin ba irinmu ake ba cikin sauƙi ba. Masu gyara a gida suka dame mu da waya suna neman kayan aiki, mu kuma duk shagon da muka leƙa sai a kaɗa mana hannu a ce meiyou, wato babu.

Akwai wani sito a layinmu da aka samu irin wannan kaya a cikin kwalayensa, an rubuta musu suna na daban. Ban san yadda shari'arsu ta ƙare ba. Abin da na sani, na wayi gari na ga an manna takarda a ƙofarsu an garƙame, kuma mutanen da kayansu ke ciki sun yi ta zarya har suka gaji. Tun daga nan Laoban ta daina barci mai daɗi, ta hana ni ma sakat. Kullum sai ta ce mini maganaɗisu a'a, ko guda ɗaya a'a, tana nuna ni da yatsa kamar ni na ƙirƙiro shi.

To yanzu bari in faɗi wane ne mutumin da nake ce wa Baba.

Dattijo ne ɗan Maraɗi, ya daɗe yana zuwa sarin kaya tun kafin in san hanyar filin jirgi. Zuwana na farko garin nan, wanda ya yi alkawarin tarbata bai zo ba, na tsaya da akwati a gefen titin Huanshi Lu ina ta hawaye, ban san gabas ba ban san yamma ba. Shi ya gan ni, ya yi mini sallama da Hausa, ya kai ni masaukin wasu mata 'yan Yamai, washegari ya zaga da ni kasuwa. Shi ya haɗa ni da Laoban. Da na fara kago shi ya fara kawo mini kaya, ya kuma ja mini 'yan Maraɗi da 'yan Yamai, yana ce musu ga ɗiyarsa nan ta buɗe wuri. Bai taɓa kirana da sunana ba, ɗiyata kawai yake cewa. Ta Kano yake sauka in zai koma gida, kuma duk tafiya sai ya karɓi saƙon mahaifiyata ya kai mata har tsakar gida, ya zauna su gaisa, ya sha ruwa, sannan ya kama hanyar Katsina. Mahaifina ya rasu ina ƙarama. Ba na jin kunyar cewa a wannan ƙasa Baba ne ubana.

Ranar da abin ya faru ranar lodi ce. Irin ranar nan sito cike yake, motar filin jirgi za ta zo da la'asar, masu kaya suna zaune a kan benci suna shan shayi suna jiran a auna nasu. Baba ya aiko da kayansa tun da safe a motar haya, shi ya wuce Shahe ƙarasa sayayya. Dilolin kayan sawa ne kamar kullum, sai wani ɗan kwali guda, bai fi kwalin takalmi girma da yawa ba, an naɗe shi da salatif ta ko'ina. An rubuta a jikinsa kayan gyaran injin ban ruwa ne. Na sunkuya zan ɗora shi a sikeli na ji kamar an kafe shi da ƙasa. Na ce kai, wannan ɗan abu da nauyin jaraba.

Makullaina a wuya nake rataye su da igiya, saboda ni mai yawan mantuwa ce. Da na sake sunkuyawa sai na ji an fizgi wuyana. Makullan ne suka tafi da kansu suka manne a jikin kwalin, ƙam. Na ja, suka ƙi. Sai da na sa hannu biyu na ɓamɓare su.

Na ɗaga kai a hankali ina addu'ar kada kowa ya gani, sai muka haɗa ido da Laoban tana tsaye a ƙofar ofis da kofin shayinta. Ta zo ta ciro ƙaramin almakashi daga aljihunta ta saki a gefen kwalin, almakashin ya manne. Ta juya ta shige ofis, na bi ta.

Da ta rufe ƙofa ta balbale ni da faɗa, rabi da yarensu rabi da guntun Turancinta. Ta ce wannan kwali ba zai hau motarta ba, in kuma ina so ya kwana a sitonta ma sai an buɗe ta ga abin da ke ciki. Na ce mata na Baba ne. Ta ce ta san Baba, tana ganin girman Baba, amma na'urar kwastam ba ta san Baba ba. Na ce a wurinmu ba a buɗe saƙo. Ta dube ni kamar na zautu, ta ce to a wurinsu ana rufe kamfani. Na so in rama, don ban saba a faɗa mini in yi shiru ba, amma gaskiya ta faɗa.

Na fito bayan sito na kira Baba. Na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce ɗan kwalin nan na ga yana da nauyi, ko ya san abin da ke ciki. Ya yi dariya ya ce ina fa zai sani, saƙo ne. Wani maƙwabcinsa ne a Maraɗi, mai gyaran injinan ban ruwa na sola, ya sayi kayan aiki ta waya a hannun wani mai shago a nan, aka kawo wa Baba masauki ya taho masa da shi. Ya ce mutumin injinan masu lambu sun taru a shagonsa ba kayan gyara, ga rani ya kama, albasar mutane tana neman ƙonewa. Na ce Baba ina jin maganaɗisu ne, kuma an hana. Sai dariyar ta ɗauke, ya ce ga shi nan zuwa.

Kafin ya iso na yi lissafin duk wata hanya. Na ce in ɓoye kwalin in ce masa ya tafi, daga baya in san dabara, to in aka sauke kaya a Kano ba a gan shi ba fa? Na zama maƙaryaciya kuma ɓarauniyar saƙo. Na ce in tura shi wani sito da ba su lura ba, sai na tuna ƙofar nan da aka garƙame da mutanen da suka yi ta zarya, na ji ba zan iya ɗora wa wani wannan bala'i ba. In cusa shi a tsakiyar dilar kaya in yi shahada kuwa, kayan mutanen da ke kan bencin nan ne zan yi caca da su, da lasisin matar da ta yarda da ni. Duk inda na juya abu ɗaya nake gani, yau ko in rasa sito ko in rasa Baba.

Ya iso bayan azahar, da babbar rigarsa da 'yar jakar da yake ratayawa. Mutanen benci suka miƙe ana ta gaisawa, aka matsa masa wuri. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ko zai shigo ofis mu yi magana. Ya ce a'a, nan ma ya isa, ai duk 'yan uwa ne, shi ba shi da abin ɓoyewa. Nan na san ransa ya riga ya ɓaci tun a hanya.

Na rage murya na yi masa bayani. Na faɗa masa dokar, na faɗa masa siton da aka rufe, na ɗauko makullaina na nuna masa yadda suke mannewa. Ya kalla, ya ce ai kayan inji dole ya kama ƙarfe, wannan ba abin mamaki ba ne. Na ce haka ne, amma akwai bambanci tsakanin inji da aka haɗa da maganaɗisu tsurarsa, kuma ba mai sanin wanne ne sai an duba. Na roƙe shi ya buɗe da hannunsa, mu leƙa kawai mu mayar.

"Ba nawa ba ne, ɗiyata," ya ce. "Amana ce aka ba ni. Mi zan ce ma mai shi?"

Na ce to a kira mai shi ya ba da izini. Ya kira, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira, aka ɗauka, murya tana yankewa, mutumin ya ce kayan gyara ne kawai, ƙarafa ne, mai shagon ya tabbatar masa ba matsala, don Allah kada a taɓa naɗin saboda kada su farfashe. Layin ya katse. Baba ya mayar da wayar aljihu ya dube ni, alamar ai kin ji.

Mutanen benci suka sa baki. Wani ɗan Yamai ya ce Alhaji ya fi shekara nawa yana bin hanyar nan ba a taɓa kama shi da ko allura ba. Wani ɗan garinmu, wanda dilolinsa suka fi na kowa yawa a lodin ranar, ya kasa kallon kowa, sai juya kofi yake a hannu. Na san abin da ke ransa, tsoro yake ji kamar ni, amma ba zai buɗe baki a gaban dattijo ba. Duk suka bar ni da abin, ni mace, ni ƙarama a cikinsu. Wallahi na ji haushinsu a ranar, har yau ma in na tuna ina ji.

Laoban ta leƙo ta nuna mini agogon hannunta, motar ta kusa. Na ce Baba ka yi haƙuri, ba zan iya ɗora shi ba.

Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya gyaɗa kai ya ce ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri, kada in takura kaina. Ya ce dama jibi zai tashi, zai sa shi a cikin akwatinsa ya wuce da shi da kansa, ai ba a kansa aka fara riƙe saƙo a jirgi ba. Ya miƙe ya tattare hannun rigarsa zai ɗauki kwalin.

Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Na san filin jirgin Baiyun kamar tafin hannuna, na san ba akwatin da ke wucewa ba a haska shi ba. Na hango shi tsaye a gaban jami'ai da furfurarsa, ba ya jin yarensu, Turancin ma sai 'yan kalmomi, ana tambayarsa mene ne wannan yana cewa saƙo ne bai sani ba. Wa zai yarda da shi? A ƙasar nan in ka ce ba ka san abin da ke cikin jakarka ba, ka ƙara wa kanka laifi ne. Mafi sauƙin abin da zai same shi a ƙwace fasfo a tsare shi ana bincike, mutumin da ke shan maganin hawan jini safe da yamma. Na ce masa duk wannan. Na ce Baba don girman Allah kada ka kai shi filin jirgi. Ya ce shi bai saci kayan kowa ba, kuma duwan ɗin, wato kwastam a bakin 'yan Nijar, da bai gani ba a rayuwarsa kaɗan ne. Na san shi, in ya faɗi magana ya gama.

Wuƙar yanka kwali tana kan sikeli. Ban tsaya shawara da kowa ba, na ɗauka na durƙusa na tsaga salatif ɗin daga wannan gefe zuwa wancan.

Wani a kan benci ya yi salati a hankali. Ban ɗaga kai ba. Na buɗe murfin, na janye soso, sai ga su jere reras, farare ƙal kamar azurfa, masu ɗan lanƙwasa, an raba tsakaninsu da roba. Ba inji ba waya ba komai, maganaɗisu ne tsurarsa tun daga sama har ƙasa. Wuƙar ma ƙwacewa ta yi daga hannuna ta manne a kansu.

Laoban ta zo ta leƙa, ta ja da baya, ta yi magana da sauri. Na fassara wa Baba. Ta ce da ido ba a gane ko irin wanda aka hana ne sai an gwada, amma masu wannan ƙarfin su ake nema, kuma duk wanda ya naɗe su haka ya rubuta musu wani suna ya san abin da yake yi. Ta ce a mayar wa mai shagon tun a yau.

Baba bai kalli kwalin sosai ba. Ni yake kallo. Na ga fuskarsa ta canza, ba fushi ba ne, kunya ce, irin ta babban mutum da aka tsiraita a gaban jama'a. Ga shi an buɗe amanar da aka ba shi yana tsaye, ga shi kuma abin da aka samu a ciki ya nuna yarinyar da ta buɗe ita ke da gaskiya. Ban san wanne ya fi yi masa ciwo ba. Da ƙarafan banza na tarar a ciki, da ya zage ni na ba shi haƙuri an wuce wurin.

"Kin gani?" ya ce. "To rufe."

Na mayar da soson, na ɗauko salatif. Ya karɓa ya naɗe da kansa. Ɗan Yamai ya miƙe zai ɗaukar masa, ya ce a bari. Ya rungumi kwalin a ƙirji, nauyin ya sa ya ɗan tanƙwara, ya fita bakin titi ya tsaya neman mota. Na bi shi ina Baba, Baba, bai juyo ba. Motar filin jirgi ta shigo layin a daidai lokacin, dole na koma na kama lodi.

Kayanmu sun wuce lafiya. An haska, an buɗe wasu dilolin, an rufe, sun tashi. Ɗan garinmu mai juya kofi ya same ni daga baya yana ce mini gaskiya Hajiya kin yi namijin ƙoƙari. Na ce masa ya riƙe yabonsa, lokacin da nake neman mai tayawa ai kurma ya zama.

Labarin Baba kuwa a bakin mutane na riƙa ji. An ce ya mayar da kwalin, mai shagon ya yi ta gardama kafin ya karɓa. An ce da ya koma Maraɗi mai gyaran ya yi masa rashin kunya, wai ya bari mace ta buɗe masa saƙo a gaban mutane, ya kuma dawo hannu rabbana. Ko mutumin ya san abin da ya sa dattijo ya ɗauko ko bai sani ba, Allah ne masani, ni dai ban yafe masa ba. Injinan sun daɗe a shagonsa. Masu lambun da ke da hali suka koma injin fetur, marasa hali suka koma guga, wasu suka haƙura da albasar shekarar. Wannan ma ya tsaya mini a rai, don mutanen ba su san wata doka ba, ruwa kawai suke so ya hau.

Da Baba ya dawo sari na gaba, kayansa wani sito ya kai. 'Yan Maraɗi da yawa suka bi shi, ban kuma ga laifinsu ba. Ni kuwa na kafa doka, duk kwalin da zai shigo wurina a buɗe zai shigo, saƙo ne ko ba saƙo ba. Aka yi ta gunaguni, aka sa mini suna Hajiya Kwastam, har yara 'yan jami'a da ke zuwa aika kaya gida suka ɗauka. Na ce ku kira ni duk abin da kuka ga dama, ku dai buɗe. Ba a daɗe ba sauran situna suka fara yin haka, har a bakin masallaci yanzu in ka miƙa wa mutum ƙunshi sai ya ɗan yi dariya ya ce me ke ciki. In an tambaye ni ko na yi nadama, cewa nake a'a. Ko yau aka maimaita sai na tsaga kwalin nan. Amma rashin nadama bai hana abu ciwo.

Mahaifiyata ce ta tayar da maganar. Ba ta san komai ba, ban faɗa mata ba. Muna waya ta ce Alhajin Maraɗi kwana biyu bai leƙo ba, ko lafiya? Ta ce man gwiwarta ya ƙare, kuma ita ba ta son na kago da ake aiko direba ya miƙo daga ƙofa, ta fi son wanda Alhaji ke kawowa su zauna ya ba ta labarina. Na ce mata yana nan lafiya, zai zo.

Na ji Baba yana gari, kuma ya kusa tashi. Na sayi man, na haɗa da mayafi da ganyen shayin da take so, na sa a ɗan kwali. Na ɗauko salatif zan naɗe, sai na ajiye. Na ce wanda ya buɗe na wani ba shi da bakin kai nasa a rufe. Na tafi da shi haka, murfi a sake.

Na same shi da hantsi a masaukinsa na Huanshi Lu, a ƙasan benen, inda wani ɗan Ghana ke sayar da jakunkuna da igiyar ɗaure kaya. Yana zaune a kujera ana ɗaure masa akwati. Ya rame kaɗan. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, ya amsa da kyau, ya tambayi aiki, ya tambayi Laoban, ya tambayi jikin tsohuwa. Ba wanda zai gan mu ya ce akwai wani abu. Na ce saƙonta ne na kawo, in ba zai zama nauyi ba. Na ajiye kwalin a gabansa na buɗe murfin sosai, na fara cewa ga man gwiwa, ga mayafi.

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Bai kalli cikin kwalin ba, ko sau ɗaya. Ya kawar da kai gefe, ya lalubi murfin ya rufe, ya ce wa ɗan Ghanan ya miƙo salatif. Ya naɗe shi a hankali, ya zagaya ta tsawo ya zagaya ta faɗi, ya danne bakin da babban yatsa, ya sa shi a cikin jakar da yake ratayawa.

"Ni ba a koya mini haka ba," ya ce. "Zan kai mata, in sha Allah."

Na tsaya ina jiran ko zai ƙara wani abu. Ina so in ce Baba tsoro na ji maka, amma na san ya sani, kuma sanin bai gyara komai ba. Na yi masa addu'ar sauka lafiya, na miƙe.

"Madalla," ya ce. "Sai wani jiƙon, Hajiya."

Na fito titi na tsaya a inda motocin Baiyun ke tsayawa, ba nisa da wurin da ya fara ganina da akwati. Mota ta zo ta wuce ban shiga ba, sai ta bayanta na hau.